Baiwa Kaɗai Ba Ta Isa: Raddi Ga Masu Raba Sabon Marubuci Da Karatu

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarukan marubuta da hirarrakin rediyo da zaurukan WhatsApp, tun daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram da Yamai. Idan aka tambayi marubucin ƙagaggun labarai yadda ya fara, sai ya ce shi dai baiwa ce Allah ya ba shi, tashi ya yi ya ga kansa yana rubutu. Idan aka tambaye shi littattafan da yake karantawa, sai ya ce ba ya karanta na kowa, wai don kada salon wani ya gurɓata nasa. Idan kuwa aka nemi ya ba masu tasowa shawara, sai ya ce su rubuta abin da ke zuciyarsu, saura Allah zai kawo. Masu sauraro su yi tafi, yara su koma gida su ɗauki waya su fara babi na ɗaya.

Wannan shawara ɓata ce, kuma ba mai bayar da ita ne yake biyan kuɗin ɓatar ba. Yaron da ya yarda da ita ne yake ɓata shekarunsa yana maimaita labari guda da sunaye daban-daban, harshen Hausa kuma yana asarar alƙalamin da zai iya yi masa hidima. Abin da ya ƙara muni shi ne masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Alhaji Abubakar Imam. Sukan ce ga mutumin da bai shiga jami'a ya karanci adabi ba, amma ya rubuta littafin da har yau ba a kamo ƙafarsa ba, ashe ke nan baiwa ce komai. Duk wanda ya bibiyi tarihin Imam zai ga cewa a cikin marubutan Hausa kaf babu wanda rayuwarsa ta fi ƙaryata wannan da'awa kamar shi.

Ɗalibi kafin marubuci

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Kafin ya taka makarantar boko ya riga ya soma karatun Alƙur'ani da Larabci a gida. Daga baya ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fito a 1932, ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Saboda haka lokacin da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya zagaya garuruwan Arewa a 1933 yana neman waɗanda za su shiga gasar ƙaga labari da Hausar boko, saurayin da ya amsa kira daga Katsina, mai shekara kamar 22, yana da ƙofofi uku a buɗe: Hausar da ya sha a nono da tatsuniyoyinta, Larabci da littattafansa, da Ingilishi da nasa.

Daga wannan gasa aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. A duba jerin da kyau. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya faɗo daga sama. Duka mutanen allo da littafi ne. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun makaranta aka haife shi, kuma wannan shi ne abu na farko da masu wa'azin baiwa suke tsallakewa.

Inda Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce suka sha ruwa

A cikin Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, gari bayan gari, kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa sharri yana ramawa. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Maƙamatul Hariri zai gane ƙirar nan take, domin haka Harisu bin Hammam yake ta cin karo da Abu Zaid mai wayo a garuruwa daban-daban. Imam da kansa bai ɓoye wannan ba, ya faɗa cewa daga can ya ɗauko dabarar mutum biyu masu wasa da hankalin juna. Neman ruwan warkarwa kuwa yana da ɗan'uwa a cikin tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka tattara.

Magana Jari Ce ya fi haka bayyana. A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kai shi Zariya, aka ajiye masa tarin littattafan hikayoyin Larabawa da Indiya da Turai, ya yi wata shida yana karatu yana rubutu. Abin da ya fito shi ne littattafai uku da aka buga tsakanin 1937 da 1939, masu labarai fiye da 80. Manazarta sun bi sawun da dama daga cikinsu har gida: akwai na Alfu Laila wa Laila, kamar labarin Ƙamaruzzaman, akwai na Kalila wa Dimna, akwai na Grimm, kamar labarin kyanwa da ɓera, labarin Sarkin Busa kuma ɗan'uwan hikayar mai busar garin Hamelin ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu suna cikin waɗanda suka yi rubutu a kan wannan, kuma ba magana ce da ake jayayya a kanta tsakanin masana ba.

Amma a lura da abin da Imam ya yi wa kayan da ya tarar. Akun da ke ba da labari don ya tsare mutum a gida tsohuwar dabara ce ta Indiya da Farisa. A can, matar wani falke ce take son fita wajen kwartonta bayan mijinta ya yi tafiya, aku kuma yana riƙe ta da labari kowane dare har gari ya waye. Imam ya san wannan ba zai shiga ajin yaran Hausawa ba, kuma ko ya shiga ba shi ne abin da zai kama zuciyarsu ba. Sai ya rushe ginin ya sake shi. Matar ta zama Musa ɗan Sarki Abdurrahman, kwarto ya zama fagen yaƙi inda amininsa Mahmudu ya tafi, haɗarin da ke waje ya zama makircin Waziri da Sarkin Sinari. Tsarin yana nan, amma abin da ke motsa shi ya koma abubuwan da Bahaushe ya sani: sarauta, amana, cin amanar fada, da zumuɗin samari. A littafi na biyu ya haɗa akun da wani aku, Haziƙ, suka yi gasar labari. A na uku ya zaunar da shi yana koya wa ɗansa Fasih. Wato littafin da kansa ya ƙare da darasi: ko aku mai baiwar magana sai da ya koyar da ɗansa, bai bar shi da gado kawai ba.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai ga mutumin da ya san abu biyu sani mai zurfi. Ya san labarin asali har ya gane ƙashin bayansa, abin da idan aka cire labarin zai faɗi, da abin da ado ne kawai. Ya kuma san mutanensa har ya gane abin da zai maye gurbin abin da ya cire. Na farko karatu ke kawo shi, na biyu kuma saurare da lura. Baiwa ita ce ta haɗa su, amma da babu su da ba ta sami abin haɗawa ba.

Masu kiran Imam ɓarawo, da masu fakewa da shi

Akwai wani ɓangare da ya ji wannan tarihi ya zame ta ɗaya gefen. Su kuma cewa suke yi ashe Imam mai fassara ne kawai, ko ma ɓarawon fasaha. Wannan hukunci na wanda bai ajiye littattafan biyu gefe da gefe ba ne. Alfu Laila kanta tarin aro ce daga Indiya da Farisa. Kalila wa Dimna fassara ce da Ibn Muƙaffa ya yi daga Farisanci, asalinta kuma Indiya. Shakespeare na Ingila ya ɗauki yawancin labaran wasanninsa daga littattafan tarihi da hikayoyin wasu. Ba a taɓa auna marubuci da inda ya samo ƙasa ba, da tukunyar da ya gina ake auna shi. Hausar Magana Jari Ce, da barkwancinta, da yadda bafade da ɓarawo da malami kowa yake magana da bakinsa, babu ɗaya da aka samo a Bagadaza ko Jamus.

Mafi haɗari su ne na uku, waɗanda suka mai da Imam mafaka. Mutum ya kalli fim ɗin Indiya ko jerin wasan Turkiyya ko na Koriya, ya kwashe labarin kaf, ya canza wa jaruman suna zuwa Hausa, ya sa hannu a ƙasa. In an yi magana ya ce ai Imam ma haka ya yi. Imam bai yi haka ba. Ga gwaji mai sauƙi: a cire sunayen mutane daga labarin, a ga ko abin da ya rage zai iya faruwa a Tasawa ko Daura. A yawancin waɗannan rubuce-rubuce za a tarar da saurayi mai jirgin sama na kansa, da gidan da babu kishiya babu gwaggo babu maƙwabci, da budurwar da ke yi wa mahaifinta maganar da ko a mafarki ba a yi a ƙasar Hausa. Aro ne da ba a narka ba, kamar tuwon da aka sauke da gari a ciki. Kuma abin lura, masu wannan kwafe su ne dai masu cewa ba sa karanta littafin kowa. Wanda ya ƙi karatu bai tsira daga tasiri ba, ya dai miƙa wuya ga tasirin da ya fi arha, wanda ke shigo masa ta allon waya ba tare da ya zaɓa ba.

Hannu na biyu a kan rubutu

Abu na gaba da ake mantawa shi ne Imam bai yi aiki shi kaɗai ba. East ya karanta rubutunsa, ya yi gyara, ya gindaya sharuɗɗa, har da cewa kada a bar mugu ya yi nasara a kan nagari a ƙarshen labari. Ba dole ne marubucin yau ya karɓi duk sharuɗɗan East ba. Jami'in mulkin mallaka ne mai neman littattafan karatun yara, kuma akwai gaskiyar rayuwa da irin wannan sharaɗi yake hana faɗa. Marubutan da suka zo daga baya, irin su Bature Gagare a Ƙarshen Alewa Ƙasa da Sulaiman Ibrahim Katsina a Turmin Danya, sun shiga wuraren da Hukumar Talifi ba za ta shiga ba. Darasin da ya rage shi ne mutumin da ya fi kowa iya Hausa a zamaninsa ya yarda wani ya ja masa layi a ƙarƙashin jimla.

Daga Janairun 1939 kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya yi fiye da shekara goma yana rubutu a kan lokaci, yana gyara wasiƙun masu karatu, yana neman kalmar Hausa ga abubuwan da ba su da suna, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar ƴan jaridun Afirka ta Yamma, bai dawo da labarin baka kawai ba, ya zauna ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Har ya rasu a 1981 rayuwarsa ta ma'aikacin harshe ce mai zuwa aiki kullum. Wanda yake jiran sai ilhama ta sauko masa kafin ya ɗauki alƙalami bai ɗauko wannan daga Imam ba.

Hujjojin da suke kawowa

Masu ra'ayin baiwa suna da hujja guda da ta cancanci amsa. Sukan ce malaman jami'a ne ke son mai da rubutu gonarsu, alhali waɗanda suka raya karatun Hausa daga shekarun 1980 ba masu digiri ba ne. Akwai gaskiya a nan. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubutan Kano ne suka buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suka kai kasuwa, kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gidajen da littafin jami'a bai taɓa shiga ba, har a wannan gefen iyaka. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, amma ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

Sai dai wannan hujja a kan masu ita take faɗuwa. Balaraba ba ta zauna da baiwa ba, ta koma karatun manya ta nemi abin da aka hana ta, kuma jigon littafinta shi ne darajar ilimi. Marubutan Kano na farko sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin su karanta rubutun juna su taimaki juna. Babu wanda ya ce sai da takardar shaida ake rubutu. Abin da ake cewa shi ne sai da karatu, kuma karatu da digiri ba abu ɗaya ba ne.

Hujja ta biyu ita ce tsoron kada salon wani ya rinjayi mutum. Wanda ya karanta littafi ɗaya shi ne zai kwaikwaye shi, domin ba shi da wani. Wanda ya karanta ɗari yana da zaɓi, kuma daga zaɓin nan salo ke fitowa. Makaɗan Hausa sun daɗe da sanin haka: yaro yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya ja waƙa, kuma ba a taɓa jin amshi ya hana wani samun muryarsa ba.

Abin da ke wuyan marubutan Nijar

Wannan magana ta fi nauyi a Nijar a yau. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga harshe a takarda, amma ba ta rubuta masa littafi. Yaron da za a koya wa karatu da Hausa a Tawa ko Dogon Dutsi yana bukatar abin da zai karanta bayan ya iya, kuma yana da haƙƙin ya ga garinsa a ciki.

Tarihi ya bar misali mai zafi. Labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Mamani ya yi aikin da ake bukata, ya haɗa abin da baka ta adana da abin da aka rubuta ya gina labari. Amma da Faransanci ya rubuta, a Paris aka buga, saboda haka jikokin mutanen Lugu da ba su yi lakwal ba ba su iya karanta shi a harshen da ya fito. Zamaninsa ne ya sa haka, ba laifinsa ba ne. Marubucin yau ba shi da wannan uzuri. Daular Gobir da Tsibiri, Damagaram ta zamanin Tanimun, yunwar shekarun 1970 da ta 1984, ƴan ci-rani masu tafiya Legas da Abijan da Libiya, matan da aka bari da gida: duk suna nan suna jiran wanda zai zauna ya karanta, ya tambaya, sannan ya rubuta. Wanda aka ce masa zuciyarsa ta ishe shi ba zai taɓa zuwa wajen tsoho ya yi tambaya ba.

Shawarar da ta dace

Sabon marubuci ya fara da karanta littattafai biyar na gasar 1933, sannan Magana Jari Ce duka uku, karatun mai neman gane yadda aka yi, ba na mai jiran ƙarshen labari ba. Ya ɗauki labari guda, ya nemo asalinsa da Larabci ko Faransanci ko Ingilishi, ya rubuta abin da Imam ya cire da abin da ya ƙara da dalilin kowanne. Wannan aiki na mako guda ya fi masa taron marubuta goma. Ɗan Nijar da ya iya Faransanci yana da ƙofar da Imam bai samu ba, ya yi amfani da ita.

Ya riƙe ɗan littafi a aljihu yana rubuta maganar mutane a kasuwa da tasha da gidan suna. Idan mutumin labarinsa Ba'adare ne ko Bagobiri ko Badamagare, ya bar shi ya yi magana da bakinsa, ya ce lokotoro da jandarma da sarushi in haka ake cewa a garinsu, shi kuma mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa. Ya koyi ƙa'idojin rubutu, domin wanda bai bambanta baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, yana sa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi.

Ya gama labari kafin ya sake shi. Al'adar tura babi kullum a waya tana hana gyara, domin wanda ya kai babi na arba'in ya gane kuskure a na uku ba shi da hanyar komawa, sai dai ya ci gaba da gini a kan karkataccen tushe. In ya gama ya ba wanda ba ya jin kunyarsa ya karanta, ya saurari abin da ba ya so ya ji. In ya yi aro ya faɗi inda ya aro. Gasanni irin su Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, suna da amfani ko ga wadda ba ta ci ba, domin suna tilasta taƙaitawa da bin ƙa'ida da kammalawa a kan lokaci.

Kammalawa

Babu mai musun baiwa. Yara da yawa sun zauna a ajin Katsina tare da Imam, sun karanta abin da ya karanta, ba su rubuta Magana Jari Ce ba. Amma baiwa rabo ce, ba a koyar da ita, ba a kuma ba da shawara a kanta. Abin da babba zai iya ba yaro shi ne abin da ke hannun yaron: ya karanta, ya saurara, ya gyara, ya yarda a gyara masa. Marubucin da aka ba makirfo ya ce wa masu tasowa shi ba ya karanta littafin kowa, ko dai ba gaskiya ya faɗa ba, ko kuma gaskiya ya faɗa rubutunsa ma ya riga ya shaida. Ko wanne ne, bai kamata a bar maganar ta wuce ba tare da raddi ba, kuma bai kamata a sake jingina ta ga Abubakar Imam ba.